Yadda nake tsara kwafin bayanai tsakanin saba biyu ba tare da aiki ya yi nauyi ba

Wani Alhaji da ke da wurin buga takardu da kalanda nan wajen Aboabo ya kira ni wata ranar Laraba da yamma, murya na rawa, wai folda guda ta aikin kwastomomi ta ɓace. Na je na duba, ashe yaron shago ne ya goge ta yana share tarkace, kuma na'urar ajiyarsu mai faifai biyu ce da aka haɗa madubi, wato RAID 1, duk abin da aka rubuta wa ɗaya an rubuta wa ɗayan. Alhaji ya kalle ni ya ce "ɗana, ba kai ka ce min biyu ne ba? to ka ɗauko daga na biyun mana." Na ce Alhaji ai na biyun ma ya goge, a daidai sakan ɗin da na farkon ya goge, don aikinsa kenan. Ranar ban sha ko ruwan shagon ba don kunya, laifina ne, ni na haɗa na'urar kuma ban yi masa bayanin da ya kamata ba. Daga nan na canza yadda nake haɗa ajiya ga ƙananan ofisoshi, makarantu da shagunan magani da masu harkar tafiye-tafiye, shi ne nake so in shimfiɗa muku nan daki-daki, musamman ƙannenmu da suka fara wannan sana'a a zango.

Fara da tambayar maigida, ba da sayen faifai ba

Kafin ka taka Adum ko ka aika Circle a Akra a sayo maka komai, zauna da mai wurin ka yi masa tambaya biyu. Ta farko, in na'urar nan ta mutu yanzu-yanzu, aikin awa nawa za ka iya haƙura da asararsa? Ta biyu, awa nawa za ka iya zama babu na'urar kafin kasuwa ta tsaya? A littattafan fanni ana kiransu RPO da RTO, amma kada ka faɗa wa Alhaji haka, zai ce ka fara turanci. Kowa farkon amsarsa ita ce "ko minti ɗaya ba na so in rasa", sai ka faɗa masa kuɗin da wannan ke ci, saba (wato kwamfutar da ke riƙe bayanan ofis) biyu masu ƙarfi, layin intanet biyu, janareta, sai ka ga ya sauko ya ce to awa ɗaya ma ba laifi. Mai buga takardu zai iya rasa aikin awa ɗaya ya sake yi. Shagon magani mai rubuta ciniki kowane minti ba zai so ya wuce minti biyar zuwa goma ba. Wannan amsar ce ke yanke komai da zai biyo baya, don haka rubuta ta a takarda ya gani da idonsa.

Sai ka auna abin da ke akwai. Girman bayanan gaba ɗaya, da kuma wanda mutane ke mantawa, nawa ne ke canzawa a rana. Ofis zai iya tara terabayit 2 amma abin da ke canzawa kullum bai wuce gigabayit 5 ko 6 ba, kuma wannan ƙaramin shi ne zai dinga bin layi kowane dare.

Gane inda nauyin yake

Gudun ajiya ba abu ɗaya ba ne, a nan yawancinmu muke ruɗewa. Akwai yawan lodin da ake kwasa a sakan, akwai yawan zirga-zirga a sakan wanda ake kira IOPS, akwai kuma jinkirin kowace tafiya. Ɗauki tirela da pragya, keken nan mai ƙafa uku. Tirela za ta kwashi buhu ɗari-ɗari daga Tema zuwa Kumasi a tafiya ɗaya, amma ka ce ta kai saƙo ashirin lungu-lungu cikin Asawase ka ga yadda za ta kwana a hanya. Faifai mai juyawa tirela ne: mai gudun 7200 a minti zai ba ka megabayit 150 zuwa 200 a sakan in babban fayil ɗaya yake karantawa a jere, amma in ƙananan abubuwa ne a warwatse da ƙyar ya wuce IOPS 100, saboda zagaye ɗaya kaɗai yana cin milisakan 8.3 kuma allurar sai ta yi ta tsalle tana neman wuri. SSD, wato faifan da ba abin da ke juyawa a cikinsa, ba shi da allura, na SATA yana kai wajen megabayit 550 a sakan da dubban IOPS, NVMe kuwa ya ninka haka sau da yawa. To rumbun bayanai irin PostgreSQL ko MySQL da injunan kwaikwayo, wato kwamfutocin manhaja da ake gudanarwa a cikin saba, su aikin pragya suke so, bidiyo da manyan fayilolin zane su ne kayan tirela.

Kada ka yi hasashe, ka auna. A Linux buga iostat -x 5 a lokacin da ofis ya cika, ba da asuba ba, ka kalli r_await da w_await, wato milisakan nawa kowane karatu ko rubutu ke jira. A faifai mai juyawa in kana ganin 10 zuwa 20 lafiya lau, in ya fara kai ɗari to layi ya yi tsawo. Sannan ka tuna da waya: kebul na gigabit iyakarsa megabayit 125 a sakan a lissafi, a zahiri ɗari da 'yan kai, don haka ko ka zuba NVMe a sabar, in suwic ɗinka gigabit ne a nan za ka tsaya. Na taɓa shafe kwana biyu ina zargin faifai, ashe wani kebul ne da aka murƙushe da ƙafar tebur ya sauko da layin zuwa megabit 100. ethtool zai nuna maka wannan cikin sakan ɗaya, ni dai ban duba ba sai a kwana na uku.

Kwafin cikin gida

Sunan RAID, wato haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar ɗaya, ya fito ne daga wata takarda da Patterson da Gibson da Katz suka rubuta a jami'ar Berkeley a 1988, kuma babban amfaninsa shi ne, faifai ya mutu aiki bai tsaya ba. Kowane nau'i da harajinsa. A madubi, rubutu ɗaya na zama biyu. A RAID 5 ƙaramin rubutu ɗaya na zama aiki huɗu, a karanta tsohon bayani, a karanta tsohon lissafin kariya, a rubuta sabbin biyun. RAID 6 aiki shida ne amma yana jure mutuwar faifai biyu. RAID 0 kuwa ba kariya ba ne sam, faifai ɗaya ya tafi komai ya bi shi, ban san dalilin da har yanzu nake tarar da shi a ofisoshin mutane ba.

Ni ra'ayina, ga ƙaramin ofis madubi kawai, in faifai huɗu ne madubi biyu a haɗe wato RAID 10. Na san wani zai ce ai rabin wuri ya tafi a banza, gaskiya ne, amma yi lissafin ranar da faifai ya mutu: terabayit 8 a gudun megabayit 150 a sakan kusan awa 15 kenan kafin sabon ya cika, in ba kowa ke taɓa na'urar, in ana aiki a kai ya fi haka nesa. A RAID 5 duk tsawon wannan lokaci ana karanta kowane lungu na sauran faifan, waɗanda galibi rana ɗaya aka saye su, shekarunsu ɗaya, zafin da suka sha ɗaya, kuma a ƙasar da wuta za ta iya ɗaukewa a tsakiyar aikin. Wanda ya yi aiki a shekarun dumsor, wato yawan ɗauke wuta a Ghana na 2014 da 2015, ba sai an yi masa wa'azi a kan wannan ba.

Wajen saye, abu biyu. Tambayi ko faifan CMR ne ko SMR, hanyoyi biyu ne na jera rubutu a kan faifai mai juyawa, duba lambar samfurinsa a shafin kamfanin, don SMR yana rarrafe in an matsa masa da dogon rubutu kuma a lokacin sake gina madubi ne yake nuna halinsa. Sannan in na hannu ne, irin waɗanda ake cirowa daga kwantena, sa shi a na'ura a gaban mai sayarwa ka buga smartctl -a ka kalli lamba 5 da 197 da 198, masu ƙirga wuraren da suka lalace a faifan, da kuma awannin da ya yi a kunne. In 197 ba sifili ba ne, mayar masa da kayansa ko da ya rantse.

Ni ZFS, tsarin da ke haɗa faifai ya kuma kula da fayilolin da ke kansu, nake amfani da shi, wanda Sun ta fitar a 2005 kuma yanzu ake ci gaba da shi da sunan OpenZFS, TrueNAS ma a kansa yake in ba ka son baƙin allo. Dalilina shi ne yana ajiye lambar tantancewa ga kowane ɓangare na bayani, in ɗaya daga madubin ya dawo da gurɓataccen abu ya san wanne ne mai gaskiya ya gyara ɗayan. Haɗawar ba wuya:

zpool create -o ashift=12 tanki mirror faifai1 faifai2

tanki sunan da na ba haɗin faifan ne kawai, amma a madadin faifai1 da faifai2 yi amfani da sunayen da ke cikin /dev/disk/by-id, kada ka sa sda da sdb don suna iya musanya bayan an kashe an kunna. Kunna matsewa da zfs set compression=lz4 tanki, kusan kyauta ce kuma sau da yawa har gudu take ƙarawa tunda abin da ake rubutawa ya ragu. Ka nisanci dedup, wato tsarin cire bayanan da suka maimaitu, yana cin RAM kamar ba gobe. In rumbun bayanai za ka ɗora, ware masa nasa sashe ka rage recordsize, wato girman gutsuren da ZFS ke rubutawa, daga 128K da yake zuwa da shi, InnoDB na MySQL shafinsa 16K ne, na PostgreSQL 8K. Kuma kada ka bari tankin ya cika maƙil, daga kashi 80 cikin ɗari ka fara maganar ƙarin faifai da maigida, don kafin ya amince ya kai 90.

UPS dole ne, kuma ba wai ka jona ka tafi ba, haɗa kebul ɗinsa na USB da sabar ka sa manhajar NUT ko apcupsd don ta kashe kanta cikin natsuwa in batir ya kusa ƙarewa. Lokacin hunturu kuma a buɗe a hure ƙura, na sha ganin fanka ta tsaya cak saboda ita.

Abin da zai ceci foldar Alhaji

Hoton-lokaci, wanda 'yan fanni ke ce wa sinafshot. Umarni ɗaya ne, zfs snapshot tanki/ofis@laraba-10, nan take ya kama yadda komai yake a wannan lokaci, ba ya cin wuri sai gwargwadon abin da ya canza bayansa. Sa shi ya dinga ɗauka da kansa, ni manhajar sanoid nake sa wa: kowace awa a riƙe na kwana biyu, na kullum a riƙe wata guda, na wata-wata a riƙe shekara. In an goge fayil sai ka shiga ɓoyayyiyar folda .zfs/snapshot ka kwafo shi kamar kowane fayil. Haka in ƙwayar cutar nan mai garkuwa da fayiloli ta shiga kwamfutar sakatariya ta kulle duk abin da ke kan foldar da aka raba, ba ta iya taɓa hotunan don ba a rubutu a kansu.

Saba ta biyu, a wani gini

Madubi da hotuna duk a akwati ɗaya suke. Gobara, ɓarawo, tsawa, ruwa. Duk wanda ya tuna ambaliya da gobarar Circle ta 3 ga Yuni 2015, ko gobarar da ta sha tashi a babbar kasuwar Kumasi, ya san akwati ɗaya ba wurin dogaro ba ne. Tsohuwar ƙa'idar ita ce 3-2-1, kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban.

A nan ne za ka zaɓi ɗaya cikin hanya biyu, kuma a nan ne kwafi da gudu suke faɗa da juna. Akwai kwafin kafaɗa-da-kafaɗa, inda saba ta farko ba za ta ce wa manhaja "na rubuta" ba sai ta biyun ta amsa cewa ita ma ta rubuta. Ba ka rasa komai, amma kowane rubutu sai ya jira tafiya da dawowa. Haske a cikin faiba yana yin kusan kilomita 200,000 a sakan, wato kowane kilomita 100 milisakan 1 ne zuwa da dawowa, Kumasi zuwa Akra (Ankara in ji tsofaffinmu) wajen kilomita 250 a hanyar mota, kenan ko da layin ya bi hanyar sambal ba rauta ko ɗaya a tsakani ka riga ka biya milisakan biyu da rabi, a zahiri kuwa abin da ping, umarnin auna zuwa da dawowa, zai nuna maka ya fi haka. Mu ɗauka ya nuna 20. To manhajar da ke rubutu ɗaya bayan ɗaya ba za ta wuce rubutu 50 a sakan ba ko da NVMe ne a ɓangarorin biyu, ka sayi doki ka ɗaure masa ƙafa kenan. Mafi muni, in layin ya yanke, ko dai rubutu ya tsaya cak ko kuma tsarin ya ci gaba shi kaɗai, ka koma abin da ka gudu.

Ɗayar hanyar ita ce kwafin bi-baya, ta farko ta rubuta ta ci gaba da harkarta, ta biyun tana biyowa a baya da 'yan mintuna ko awa. Abin da za ka iya rasawa shi ne tazarar da ke tsakaninsu, kuma ka riga ka san nawa maigida ya yarda ya rasa tun a tambayar farko. Kafaɗa-da-kafaɗa, irin wanda manhajar DRBD ke yi a tsarinta na C, na saba biyu ne da ke ɗaki ɗaya ko gini ɗaya da kebul kai tsaye tsakaninsu. Tsakanin gari da gari da irin layukanmu, bi-baya, ba na ma dogon tunani.

Yanzu lissafin layi. Duba gudun turawa, ba na saukewa ba, don shi ne kamfanoni ba sa cika tallatawa. Megabit 10 a sakan megabayit 1.25 ne, gigabayit 4.5 a awa, 108 a rana in bai yanke ba ko sau ɗaya. Canjin gigabayit 6 na rana zai wuce cikin awa ɗaya da minti ashirin, lafiya. Amma kwafin farko na terabayit 1 ya haura kwana tara, ga kuɗin data. Don haka kwafin farko ba a layi nake yinsa ba, ina ajiye saba biyun gefe da gefe in haɗa su da kebul in tura, sannan a naɗe ta biyun a bargo a kai ta inda za ta zauna, ko a tura a faifan waje a ba amintacce ya hau bas da shi, awa biyar ko shida ya isa Akra. Ba layin da na sani a zango da zai kai terabayit 2 cikin awa shida.

Na farkon:

zfs send tanki/ofis@farko | ssh saba2 zfs receive -s ajiya/ofis

Daga nan sai bambanci kawai:

zfs send -i @farko tanki/ofis@talata | ssh saba2 zfs receive -s ajiya/ofis

Wannan -s ɗin kada ka raina shi, shi ke ba ka damar ci gaba daga inda layi ya yanke da zfs send -t maimakon a faro daga tushe. syncoid, abokin sanoid, yana haɗa duk wannan da kansa, sa shi a cron, mai tayar da umarni a lokacin da ka tsara, ka huta. Sharaɗi ɗaya, dole ɓangarorin biyu su kasance suna da aƙalla hoto ɗaya da suka yi tarayya a kai, in tsarin sharewa ya goge shi a gefe ɗaya lokacin da layi ya daɗe a yanke, sai ka sake kwafin farko, bas kuma. Shi ya sa nake riƙe hotunan kullum har wata guda.

Abubuwa uku da nake yi wa saba ta biyu. Ina sa ta readonly=on don kada wani ya rubuta a kai. Ina sa ita ce ke jawowa daga ta farko, ba ta farko ke turawa kamar a umarnin sama ba, don in an shiga ta farko ba a samu mabuɗin ta biyu ba. Sannan in a gidan wani za ta zauna ko a gajimare, wato sabar wani kamfani da ake haya ta intanet, sai in rufe sashen da mabuɗi in tura da zfs send -w, ya isa a rufe yadda ko mai gidan bai iya karantawa. Bayanan ɗalibai da na marasa lafiya amana ce, kuma akwai doka a kai, Act 843 ta Ghana ta 2012 mai kare bayanan mutane.

In ba ZFS kake da shi ba rsync, umarnin kwafin fayiloli, na nan tun 1996 kuma yana aiki, sai dai shi sai ya zagaya duk fayilolin yana dubawa kafin ya san me ya canza, in fayiloli miliyan ne wannan zagayen kaɗai zai sa faifai gumi. Yi hattara da --delete, shi ne yaron shagon Alhaji a siffar umarni, gwada da -n tukuna ka ga me zai goge. Kuma kada ka kwafi fayilolin rumbun bayanai da rsync yana kunne, abin da za ka samu ba lallai ya tashi ba, yi amfani da pg_dump ko mysqldump ko kwafin da rumbun ke yi da kansa.

Gajimare fa? Yana da kyau a matsayin kwafi na uku. Amma ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a lokaci guda, intanet ya durƙushe a Ghana da maƙwabta kuma gyara ya ɗauki makonni. Wanda kwafinsa ɗaya tilo ke Turai, a ranakun nan da sabarsa ta mutu da sai dai ya zauna kallon allo.

Kada kwafin ya danne masu aiki

Turawa tana karanta faifai kuma tana cika layi, in ka sake ta da rana tsaka sai akanta ya fara kiranka. Ka ɗaure mata linzami, a rsync akwai --bwlimit, a ZFS ka sa pv -L 500k a tsakanin bututun ko --source-bwlimit na syncoid. Da rana ƙananan hotuna da linzami, babban lodi bayan isha'i. Shi ma zpool scrub, wanda ke karanta komai yana tantancewa, sau ɗaya a wata ya isa, ni daren Asabar nake sa shi, kada ya haɗu da lokacin turawa.

Sa ido a kan tazara. Kwafi yana iya tsayawa shiru wata uku ba wanda ya sani, na gani da idona, kalmar sirri aka canza aka manta. Rubuta ɗan umarni da zai duba shekarun hoto na ƙarshe a saba ta biyu, in ya wuce awa 24 ya turo maka saƙo. A PostgreSQL ka duba pg_stat_replication, a MySQL Seconds_Behind_Source. Gargaɗi ɗaya ga masu son ta biyu ta karɓi aiki da kanta in ta farko ta yi shiru: da saba biyu kacal, in layi ne ya yanke kowace za ta ɗauka 'yar'uwarta ta mutu, duka biyun su zama shugaba, kowace na karɓar rubutu, limami biyu a masallaci ɗaya, haɗa bayanan daga baya kuwa azaba ce. Shi ya sa manyan tsare-tsare ke son na'ura uku don a samu rinjaye, Ceph, wani tsarin ajiya na saba da yawa, shi ma kwafi uku yake zuwa da shi. A ƙaramin ofis bar sauyawar a hannun mutum.

Gwajin dawowa

Sau ɗaya a wata nake zuwa shagon Alhaji, yawanci Juma'a bayan an sauko masallaci lokacin aiki ya lafa. Ina ce wa yaron nan, wanda yanzu shi ne mai kula da na'urar, ya zaɓi kowane fayil daga makon jiya, mu ɗauko shi daga saba ta biyu ba ta farko ba, ya buɗe a CorelDRAW ya tabbatar ba abin da ya lalace, in duba agogo in rubuta minti nawa ya ci. Sau biyu a shekara kuma muna kashe ta farkon gaba ɗaya mu ga ko shago zai iya aiki da ta biyu, karon farko da muka yi sai da muka shafe awa uku don ban rubuta mabuɗin buɗe sashen a ko'ina ba sai a cikin sabar da muka kashe. Yanzu yana takarda a ambulan cikin sef ɗin Alhaji, tare da matakan dawowa da aka rubuta yadda ko ba na gari yaron zai iya bi, kuma kowane faifai an manna masa takarda a goshi da lambobi huɗu na ƙarshe na siriyal ɗinsa, don ranar da zpool status ya ce ɗaya ya mutu kada a zare mai ran.